Ciwon Ƙoda Da Kuɗin Jinya A Amurka

A Amurka, wanda ba shi da inshorar lafiya yakan ɗauki nauyin jinyarsa da kansa, amma masu ciwon ƙoda suna da wani gata. A shekarar 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar da ta shigar da waɗanda ƙodarsu ta daina aiki cikin Medicare, shirin gwamnati na jinyar tsofaffi, ko da shekarunsu ba su kai ba. Shirin yakan biya kashi 80 cikin 100 na kuɗin wankin ƙoda, muddin majinyacin, ko abokin aurensa, ko iyayensa sun yi aiki sun biya haraji. Baƙon da ba shi da takardun zama kuwa, a jihohi da dama sai ciwo ya kai shi gargara sannan a yi masa wankin.