Injin babbar mota a cikin ƙarama: Shin za ta fi gudu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Batsari ranar kasuwa ya san irin kukan da a-kori-kura ke yi idan an labta mata buhunan masara, aka ɗora awaki a sama, sannan mutane suka ɗare a kan buhunan. Direba zai taka totur, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta riƙa ja da ƙyar kamar jakin da ya kwana da yunwa. Sai ka ji ana cewa inji ya gaji. Daga nan hanya biyu ce: ko makaniki ya buɗe shi ya sauya ringi da sauran abin da ya cinye, ko mai mota ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo wani injin na hannu, irin wanda ake kira Beljiyam.

To a nan ne ɗalibi mai kaifin tunani zai yi tambaya: tunda sauya inji za a yi, me zai hana a ɗauko na Kanta, ko ma na tirela, a saka mata, ta huta da nishi? Kada ku yi dariya. A Amurka akwai mutanen da suka mayar da wannan aikin abin sha'awarsu.

A can, daga wajen 1964 zuwa farkon shekarun 1970, kamfanoni sun yi ta gasar ƙera wasu motoci masu ƙofa biyu da ƙaton inji mai silinda takwas, waɗanda sunansu a Turance ke nufin motoci masu ƙwanji. Cikinsu akwai Pontiac GTO da Dodge Charger. Wani injin Charger da ake kira 426 Hemi yana da ƙarfin doki 425, sai dai yana shan fetur kamar raƙumi ya samu rijiya. Tsadar mai ta 1973 da dokokin rage hayaƙi na cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen zamaninsu. Yau wasu na sayen tsofaffin, su cire injin fetur ɗin, su dasa na dizal da aka yi domin motar ɗaukar kaya. Wanda suka fi so shi ne Cummins mai lita 5.9 da silinda shida a jere, wanda aka fara sakawa a motar Dodge Ram a 1989.

Ga abin mamakin: wannan Cummins ɗin na 1989 ƙarfin doki 160 kawai gare shi, bai kai rabin na Hemi ba. To me ake nema a jikinsa?

Amsar tana cikin yadda injinan biyu ke ƙona mai. Injin fetur yana haɗa iska da mai, fistin ya matse su, sannan fulogi ya kyasta wuta. Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya samu nasarar tayar da shi a 1897, ba shi da fulogin kyasta wuta. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta ninki goma sha biyar zuwa ashirin da ɗoriya, inda na fetur ke tsayawa wajen ninki goma. Wannan matsar ke sa zafin iskar ya haura digiri 500, don haka da nozul ya feso man gas sai ya kama da kansa. Kuna iya gwadawa a gida. Ku toshe bakin famfon keke da yatsa, ku danna shi da sauri sau goma, ku taɓa gindinsa, za ku ji ya yi zafi. Injin niƙan da ke ƙarar "tum-tum-tum" a bayan gidanku, idan na dizal ne, da wannan dabarar yake aiki.

Saboda tsananin matsar, dole a yi injin dizal da ƙarfe mai kauri, shi ya sa yake daɗewa. Yana kuma fitar da aiki mai yawa daga kowace lita, ga shi ita kanta litar dizal ta ɗan fi ta fetur makamashi. Abu na uku shi ne ƙarfin murɗa. Kun ga yadda mai faci ke zura bututu a jikin sifana idan noti ya ƙi kwancewa? Ƙarfin hannunsa bai ƙaru ba, tsawon sifanar ne ya ƙara masa ƙarfin murɗa. Injin dizal na ba da wannan ƙarfin tun yana juyawa a hankali. Cummins ɗin da muka ambata yana kaiwa ƙololuwar murɗarsa a juyi 1,700 kacal a minti ɗaya. Shi ya sa motar dizal ke tashi da kaya ba tare da ihu ba. Masu wannan sha'awar kuma sukan taɓa famfon mai da turbo, su ninka ƙarfinsa, injin ya jure.

Sai dai ƙarfin ja daban, gudu daban, kuma a nan ne lissafin aji ke shigowa gareji.

A ce kewayen taya mita 2 ne, kuma aksul ɗin baya yana buƙatar inji ya juya sau 3.5 kafin taya ta juya sau ɗaya a giyar ƙarshe. Injin fetur mai juyi 5,000 a minti zai juya tayar kusan sau 1,430, wato mita 2,860 a minti, kimanin kilomita 171 a awa. Cummins na asali kuwa a wajen juyi 2,500 yake tsayawa. Ku raba biyu ku gani: kilomita 86 a awa. Wato an kashe kuɗi an saka ƙaton inji, amma tsohuwar Golf ɗin haya za ta wuce motar a hanyar Katsina. Sai an sauya aksul ko giyabos kafin ta dawo da gudunta. Shi ma tsohon giyabos ɗin da kuloci da farfela, ba a yi su don irin wannan murɗar ba, za su iya karyewa.

Sannan ga nauyi. Cummins ya kai kusan kilo 500, yayin da injin da aka cire bai wuce ɗari uku da 'yan kai ba. Kamar ku ɗora buhun masara biyu ne a kan bonet ku ɗaure, kullum da su ake tafiya. Gaban motar zai zauna, sifirin ya lanƙwashe, sitiyari ya yi tauri, a kwana kuma motar ta riƙa neman wucewa miƙe. Tsawonsa ya kai kusan mita ɗaya, ga tsayi, don haka sau da yawa sai an yanka bonet, mai walda ya ƙera sababbin mazaunin inji. Lagireto sai babba, batir sai mai ƙarfi, a wanke tanki, a ja bututun da zai riƙa mayar da rarar mai.

Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne birki, domin shi ba a ganin matsalarsa a tsaye. Idan kuka leƙa ƙarƙashin bonet ɗin ƙaramar mota, ta gefen direba, za ku ga wani baƙin abu kamar ƙaramar tukunya, da roba ta fito daga jikinsa ta shiga inji. Wannan tukunyar ce ke taimaka wa ƙafar direba ta danna birki, kuma da zuƙar iskar da injin fetur ke yi take aiki. Injin dizal ba ya samar da irin wannan zuƙar, domin babu maƙogwaron da ke tare masa iska. Sai an haɗa masa famfo na musamman. Idan aka manta, ko aka yi aikin a-je-a-dawo, birki zai yi tauri kamar dutse a daidai lokacin da mota ta ƙara nauyi. Ku tuna darasin kimiyyar lissafi na ½mv²: nauyi na ƙara makamashin da birki zai kashe, gudu kuwa idan ya ninka biyu, makamashin ninki huɗu yake yi. Ba Amurke mai wannan sha'awar yakan fita da motarsa shi kaɗai ranar hutu. Tamu kuwa mutum goma sha take kwasowa daga Runka zuwa Safana, kuma babu direban da ke son motarsa ta tsaya masa a gefen dajin Rugu da yamma.

Ba ina cewa makanikanmu su daina sauya inji ba ne. Da wannan basirar ce Fijo 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ta yi shekaru tana yi mana hidima bayan wasu ƙasashe sun manta da ita. Ita 504 ma tun daga kamfani akwai mai injin dizal, irin waɗanda 'yan'uwanmu na Maraɗi ke zuba wa gazuwal, don haka dasa mata irin nata bai kai wahalar dasa baƙon inji ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masu mota ke neman mafita: wasu sun koma iskar gas ta CNG, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu amfani da lantarki. Mai tunanin komawa dizal sai ya fara zama da biro, domin a Najeriya litarsa ba ta cika yin arha fiye da ta fetur ba. Ya kuma tuna lambar inji tana cikin takardun mota, idan ta sauya sai an gyara su.

Ga aikin wannan makon. Da tayar nan mai kewayen mita 2, da inji mai juyi 2,500 a minti, sau nawa ya kamata inji ya juya kafin taya ta juya sau ɗaya idan ana son motar ta kai kilomita 120 a awa? Ku fara mayar da kilomita 120 a awa zuwa mita a minti. Wanda ya samu amsa ya nuna wa malamin lissafi, in kuma akwai gareji a unguwarku, ku nemi izinin maigidan ya nuna muku tukunyar birkin da idonku.