Yadda Ra'ayi Yake Sauyawa

Ya kai ɗalibi, daga ina ra'ayinka ya samo asali? Mutum yakan ɗauko ra'ayi daga gida da makaranta da abokai, sa'an nan ya riƙe shi kam. Amma abin da ido ya gani yakan sauya shi.

Dubi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa yake a Bauchi. A 1947 yana ganin haɗin kan Nijeriya shirin Turawa ne kawai. A 1955 ya ziyarci Amurka, ya ga al'ummomi dabam-dabam sun zama ƙasa ɗaya. Sai ya dawo da yaƙinin cewa Nijeriya ma za ta iya. A 1957 ya zama Firayim Minista.

Saboda haka, idan hujja ta bayyana maka, kada ka ji kunyar sauya ra'ayi. Gani ya kori ji.