Kwamfutarka ba ta mutu ba, a daina gaggawar yi mata fomat

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu kwamfuta, tun daga Maijirgi har Tasawa da Mayahi, kuma kullum kashi biyu take zuwa. Na farko, wai da gangan masu Windows suke turo sabuntawa don su kashe tsofaffin na'urori, talaka ya sayi sabuwa dole. Na biyu, wanda ya fi ɓarna, wai da zarar kwamfuta ta fara nuna shuɗin allo bayan an ɗora mata sabon Windows, ba ta da magani sai fomat, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake ɗora mata Windows. Da wannan magana ake raba mushen lakkwal da makin ɗalibansa na shekara guda, a raba ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da kundin da ya yi watanni yana rubutawa, a raba mai gida da hotunan sunan ɗansa na fari. Sannan a karɓi kuɗin aiki a hannunsa, ya yi godiya ya tafi.

Windows dai ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Sabuntawarta, wadda ake ce wa mizajur, iri biyu ce: ƴan ƙananan gyare-gyaren da kamfanin Microsoft ke fitarwa Talata ta biyu a kowane wata, da babban sauyi, kamar tashi daga Windows 10 zuwa Windows 11. Abin da ya sa maganar ta yi zafi yanzu shi ne, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina kula da Windows 10, wadda ta fito tun 2015. Daina kula ba ya nufin na'urar ta daina aiki. Amma jita-jita ta ce duk wanda bai koma 11 ba kwamfutarsa za ta rufe, sai aka yi ta rububin zuwa wajen masu gyara.

Ba zan wanke kamfanin ba. Ya sha fitar da sabuntawa mai aibi. A watan Oktoba na 2018 ya saki wata da ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, har ya janye ta cikin ƴan kwanaki, bai sake sakinta ba sai a Nuwamba. Sharuɗɗan da ya gindaya wa Windows 11 su ma sun bar miliyoyin na'urori masu lafiya a baya, kuma mai jin haushin haka yana da hujja. To amma kuskure da son ciniki daban, turo guba da gangan daban. Ko ma a ce zargin gaskiya ne, ina ruwan takardunka da ke cikin na'urar da za a hukunta su?

Mu duba abin da ya faru ranar 19 ga Yuli 2024. Wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura sabuntawa mai matsala, na'urori kimanin miliyan 8.5 suka faɗi da shuɗin allo a duniya. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cak. Mene ne maganin? A tayar da na'ura ta hanyar da Windows ta tanada don gyara, a shiga folda guda, a goge fayil ɗin da ya lalace, a sake kunnawa. Shi ke nan. Manyan kamfanonin duniya ba su goge na'urorinsu ba, sun nemo abu ɗayan da ya ɓaci ne suka cire. Mu kuwa nan da zarar allo ya yi shuɗi, sai mai gyara ya ciro kilen da ke rataye a wuyansa, bai ko karanta abin da allon ya rubuta ba. Ƙona rumbu ke nan saboda ɓera ɗaya.

Shuɗin allo ba mutuwa ba ne. Windows ce ta ga wani abu ya rikice a cikinta, ta tsayar da komai da kanta kafin ɓarnar ta kai ga ajiyarka. Kuma ba ta tafiya sai ta faɗi dalili. A ƙasan allon, kusa da tambarin nan mai murabba'i da ake ɗauka da waya, akwai wasu kalmomi da manyan baƙaƙe. In ka ga INACCESSIBLE BOOT DEVICE, na'urar ta kasa kai wa ga faifan da Windows ke ciki. In MEMORY MANAGEMENT ne, a fara zargin RAM. In kalmar DRIVER ta fito, ko aka ambaci wani fayil mai ƙarewa da sys, to direba ne, wato ƴar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'urar, kamar katin hoto ko na wifi ko firinta. A sababbin Windows 11 allon ya koma baƙi tun 2025, amma rubutun na nan. Mai fomat yana goge wannan shaida tare da komai.

Abin haushin ma, sau da yawa fomat ɗin ba ya warkar da ciwon. Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na gwanjo ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su biyo ta Legas ko Kwatano, su sauka Kano ko Maraɗi, su iso mana. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, tana neman RAM aƙalla giga 4, wurin ajiya giga 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa wadda ba ta girmi ƙarni na takwas na Intel ba, wato kayan da suka fara fitowa a 2017. Tsohuwar HP ko Dell ta 2012 ba ta cika waɗannan ba. Masu gyara sun san dabarar tsallake binciken, su cusa mata 11 da ƙarfi. Ranar farko tana tashi lafiya, mai ita yana murna. Amma kamfanin da ya ƙera katin hotonta ya daɗe da daina rubuta masa direba, sai Windows ta yi ta lallaɓawa da tsohon, ranar da suka saɓa allo ya yi shuɗi. A koma shago, a yi fomat, a sake ɗora wannan Windows ɗin a kan wannan na'urar, mako biyu ta sake faɗuwa. A sake biya. Wasu tsofaffin ma, irin masu Core 2 Duo, sigar 11 ta 2024 ba ta tashi a kansu sam.

Sai kuma na'urar da dama can tana da rauni, sabuntawa ta tona shi. Ɗora sabon Windows aiki ne mai nauyi: sa'o'i ana rubuta giga-giga a kan faifai, furosesa na aiki ba hutawa. Faifan da ya shekara goma yana juyawa, ko RAM ɗin da ya fara gajiya, a nan suke sarewa. Ku sa a buɗe muku bayan kwamfutar da ta sha hunturu biyu ko uku a ƙasar nan ku gani. Tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi za ku tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe hanyar iska, har a ɗago ta da tsinke a falle ɗaya. A haɗa wannan da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a jihar Maraɗi. Na'urar da ke mutuwa farat ɗaya ba tare da ta nuna wani allo ba, tana huci, ƙasanta ba ya taɓuwa, zafi ne ke kashe ta. Fomat dubu ba ya share ƙura.

Wuta ma tana da nata. Wani babban kaso na lantarkin yankin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa, kowa kuma ya tuna halin da aka shiga da aka yanke shi a Agusta 2023. Ko wutar layi gare ka, ko hasken rana, ko janareto, in ta ɗauke daidai lokacin da allo ya ce kada a kashe, batirin kuma ya daɗe da mutuwa, Windows za ta tsaya rabi tsohuwa rabi sabuwa. Ƙwayar cuta ma kan jawo shuɗin allo wani lokaci, haka ma manhajar kashe ƙwayar cutar idan ta tsufa.

To me za a yi? Da farko, ɗauki waya ka ɗauki hoton allon. Kada ka tsaya jimami har ya wuce. Sannan ka cire duk abin da ke maƙale da na'urar, kile da firinta da modem da waya, ka sake kunnawa. Wannan kaɗai yakan raba gardama.

In tana tashi ta yi ɗan aiki kafin ta faɗi, ka tuna kana da kwana goma. Duk lokacin da aka yi babban sauyi ta hanyar da ta dace, Windows tana ajiye tsohuwarta a wata folda mai suna Windows.old. Ka shiga Paramètres, ka nemi Récupération, wanda tasa ke Turanci kuma Settings da Recovery, a nan akwai maɓallin komawa baya. Zai mayar da kai Windows ɗinka ta da, takardunka suna nan yadda ka bar su. Bayan kwana goma na'urar tana goge foldar da kanta, maɓallin ya daina dannuwa. Shi ya sa nake jin takaicin masu ajiye kwamfuta a ƙarƙashin gado su ce sai bayan kasuwa, sai albashi ya zo. Haka nan kada ka ga foldar ta cinye wuri ka goge ta, ko ka bar wani yaro ya share maka na'ura da manhajar shara a cikin waɗannan kwanaki.

In kuwa ba ta kai wa ga buɗewa, akwai ƙofar baya. Kunna ta, da tambarin Windows ya bayyana ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Maimaita sau biyu ko uku, za ta kai ka wani allo na gyara da kanta. Wanda tasa ke kai wa wurin saka kalmar sirri, ya riƙe maɓallin Maj, wato Shift, ya danna Redémarrer. Daga nan ka bi Dépannage, sai Options avancées. Akwai wurin cire sabuntawar ƙarshe, ƙarama ko babba. Akwai kuma hanyar shiga Mode sans échec, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi. In ta zauna lafiya a nan ba ta faɗi ba, alama ce mai ƙarfi cewa ƙarfen lafiyarsa lau, direba ne ko wata manhaja. Sai ka buɗe Gestionnaire de périphériques, ka duba wanda aka sa wa alamar rawaya, ko wanda allon ya ambata, ka mayar da shi tsohon direbansa ko ka cire shi. Sabon direba kuma a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ake ɗauko shi, da lambar samfurin da ke manne a bayanta. Tarin direbobin nan da ke yawo a kile daga shago zuwa shago, ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki.

Kafin ka taɓa komai a Mode sans échec ɗin ma, kwafe takardunka zuwa kile. Wannan shi ne aikin farko, sauran duk su biyo baya.

Mai ɗan ƙarfin hali zai iya ƙarawa da gwaji biyu da ke cikin Windows kyauta. Rubuta mdsched a wurin nema, na'urar za ta sake tashi ta gwada RAM. Buɗe baƙin allon umarni da izinin mai gida ka rubuta sfc /scannow, zai duba fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace. In faifai na ƙas-ƙas ko na'urar tana daskarewa duk lokacin da ka buɗe folda, daina gwaje-gwaje, kwashe kayanka tukuna, faifan ne ke bankwana.

Masu gyara, ku ji tsoron Allah. Na san fomat ya fi sauri, minti arba'in an gama, bincike kuwa yana cin yini. Amma amana aka kawo muku. Ko Windows ta ƙi tashi gaba ɗaya, kun san ana ciro faifan a sa shi a ƴar akwatin USB a kwashe abin da ke ciki, ko a tayar da na'urar da wata manhaja mai suna Ubuntu daga kile. Mutum ya zo daga ƙauye bai san wannan ba, ku kun sani. Ku tambaye shi, "Malam, akwai abin da kake so a ciki?" Kuma ku faɗa masa gaskiya in na'urarsa ba ta ɗaukar 11. Kai ma mai kaya, buɗe baki ka ce, "Ɗan'uwa, kada ka goge komai sai na ga takarduna a kilena da idona." Bayan fomat, a tsohon faifai mai juyawa akan ceto wani abu in ba a rubuta sabo a kai ba. A SSD kuwa, da wuya. Wanda na'urarsa ke da kullen BitLocker ya nemi lambobin nan 48 a asusunsa na Microsoft ya rubuta a takarda tun yau, don in babu su ko ciro faifan ba ya amfani.

Wasu kuma sun ce tunda haka ne, a toshe sabuntawa har abada. Wannan ma wauta ce. Ƙwayar WannaCry da ta bazu a ƙasashe sama da 150 a watan Mayu na 2017, har ta durƙusar da asibitocin Ingila, ta ɓarakar da aka riga aka fitar da abin toshe ta tun watan Maris ta shiga. Waɗanda ba su sabunta ba ta kama. Abin da ya dace, a zaɓi lokaci. Windows tana barin a dakatar da sabuntawa har mako biyar. Mai haɗa kwamfuta da intanet ɗin wayarsa ya nuna wa Windows cewa layin mai awo ne, don kada ta cinye masa megas da dare. Babban sauyi kuma a yi shi da safe, da cikakken caji, bayan an kwafe takardu, ba daren da za a kai rahoto meri ba.

Wanda na'urarsa ba ta cika sharuɗɗan 11 ba, ya bar ta a kan 10. Microsoft ya buɗe wa masu amfanin gida wani tsari na ƙarin gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba 2026, ana shiga ta wurin sabuntawa a Paramètres. In aikin rubutu ne da lissafi da intanet, Linux Mint, wata manhaja mai maye gurbin Windows, kyauta ce, tana kuma tafiya daidai a kan na'urorin da 11 ta ƙi. Fomat yana da ranarsa, idan an sauya faifai, ko ƙwayar cuta ta ci Windows har ba ta gyaruwa, ko duk hanyoyin nan sun ƙi. A ranar ma sai an kwashe takardu, an buɗe su a wata na'ura an ga suna buɗuwa, sannan a ɗora Windows ɗin da ƙarfen zai iya ɗauka.