Tsabtar Gari Daga Ƙofar Gidanki Take Farawa

Yau za mu fara hira daga wata ƙasa mai nisa, sa'an nan mu dawo gida bakin Tafkin Kainji.

A ƙasar Ailan, wadda ke maƙwabtaka da Ingila, akwai wata gasa da ake kira Tidy Towns, watau gasar garuruwa masu tsabta. An fara ta a 1958 da garuruwa 52, yanzu kuwa ɗaruruwan garuruwa ke shiga. Garin da ya fara cinye ta wani ɗan ƙaramin gari ne mai suna Glenties a lardin Donegal, lardin manoma da masunta. Ya ci a 1958 da 1959 da 1960, ya sake ci a 1962 da 1995. Alƙalan gasar sukan zagaya gari su duba tituna da ƙofar gidaje da gaban kantuna da gidajen abinci, su ba da maki. Mutanen gari ne da kansu ke kafa kwamiti, su yi shara, su shuka itatuwa, ba wanda ke biyansu ko sisi.

To, mu ma ba baƙin wannan al'amari ba ne. Ki tambayi kakarki labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda yakan shigo har tsakar gida ya leƙa randa ya duba shadda. Haka kuma a watan Yuli na 1985 Manjo Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da sashen tsabtar muhalli na Yaƙi da Rashin Ɗa'a a Kano, aka sa kyautar naira miliyan 1 ga babban birnin jiha da ya fi tsabta. Amma tsoron tara da bulala ne ya sa aka ɗauki tsintsiya, kuma a watan Agusta na shekarar gwamnatin ta faɗi. Sharar ranar Asabar ta ƙarshen wata ta saura a wasu jihohi, amma da ido ya kau sai bola ta koma inda take. Mutanen Glenties kuwa garinsu suke so, shi ya sa tasu ta ɗore.

'Yar'uwa ta Yawuri ko Ngaski ko Shanga, maganar tsabta a wurinki ta wuce ta kwalliya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tashi dubban mutane, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka, rayuwar mutanen bakin tafkin ta rataya ga wannan ruwa. Nan ake kamun kifi, nan ake wanki da wanka, nan yara ke iyo, wasu ma nan suke ɗiban na sha.

Kin san yadda tsargiya ke kama yaro? Mai ciwon yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin katantanwa, su girma, su sake fitowa cikin ruwan. Duk wanda ya shiga sai su huda fatarsa su shige. Saboda haka in kin ga ɗanki yana fitsarin jini, kada ki ce alamar balaga ce. Ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti. Ga mata yana iya taɓa mahaifa. Amai da gudawa kuwa daga bayan gida yake zuwa, ruwan sama ya kwashe shi zuwa rijiya ko tafki, ko ƙuda ya ɗauko ya sauke a kan tuwo. A 2021 kwalara ta kashe mutane fiye da 3,000 a Nijeriya.

Kada ki ce abin ya fi ƙarfinmu. Kurkunu ya kama 'yan Nijeriya fiye da 600,000 a ƙarshen shekarun 1980. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Tace ruwan sha da ƙyalle da hana mai ciwon shiga tafki su ne manyan makaman da aka yaƙe shi da su, har aka tabbatar a 2013 cewa babu shi a ƙasar nan. Hannun wa ke riƙe da ƙyallen? Hannun mata.

Ga abin da za ki iya tun daga yau. Ki rufe randa, ki ware moɗa guda ta ɗiba. Ki tafasa ruwan tafki kafin a sha. Ki zuba kashin yaro a shadda, ki rufe bakinta, ki wanke hannu da sabulu ko toka. Ƙaya da hanjin kifi a binne su, kada a watsar bayan danga.

Ke kuma mai sayar da tuwo ko soyayyen kifi a kasuwar Yelwa ko ta Wara, ki tuna baƙo da abincinki yake auna garinku. Ki rufe abinci, ki riƙa canja ruwan wanke-wanke, ki ajiye buta da sabulu domin masu ci. In kina banda, kada ki yarda a fesa wa kifi maganin ƙwari don ya daɗe. Guba ce, kuma cikin mutane za ta shiga. Isasshen hayaƙi da bushewa sosai su ke tsare kifi.

'Yan makaranta, ku ne idon iyayenku. Abin da malamar kiwon lafiya ta koya muku ku kai shi gida cikin ladabi.

Ƙarshe, ga shawara ga ƙungiyoyin mata. Me zai hana ku je wurin mai unguwa ku nemi a sa gasar tsabta tsakanin unguwanni da rumfunan abinci? Ko turmin atamfa aka sa ya isa, domin ba wadda ke so a ce kishiyar unguwa ta fi tata. In abin ya kankama, sai a roƙi masarauta a riƙa ba da kyautar lokacin bikin Rigata, gaban baƙin da suka zo kallon tseren kwale-kwale.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.