Tumu bai taɓa sa yaro zazzaɓi ba, gyaɗa mai fumfuna ce abin tsoro

Da zarar an fara gasa tumu a bakin gona, yara suka cika aljihu da ɗanyar gyaɗa, sai tsohuwar magana ta dawo gidaje: "Ku hana yaron nan sabuwar masara, zazzaɓi za ta sa masa." Wasu rake suke ɗora wa laifin, wasu takanɗa. Masu faɗin haka ba ƙarya suke yi ba game da abin da idonsu ya gani. A Satumba da Oktoba asibitoci kan cika da yara masu zafin jiki, daidai lokacin da amfanin gona ke shigowa gida. Wajen haɗa abubuwan biyu ne aka kauce hanya. Ruwan damina ya kwanta a kududdufai da kwatoci da tsofaffin tayoyi, sauro ya hayayyafa son ransa, ƙwayar cutar da macen sauro ke zubawa a jini kuwa takan ɗauki kamar kwana 10 zuwa 15 kafin zazzaɓi ya bayyana. Cizon makonni biyu da suka wuce ne ke kwantar da yaro yau, ranar da aka gan shi da goyon masara a hannu.

Shi ya sa tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin ruwa, wanda ake bi gida-gida da shi daga Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram. Uwar da ta hana ɗanta masara amma ta kwantar da shi ba gidan sauro, abinci kawai ta hana shi. Iyakar gaskiyar da ke cikin zancen ita ce, yaron da ya cika ciki da ɗanyen hatsi zai iya kwana da kumburi, raken da ƙuda suka bi kuma aka sha ba wanki yana iya jawo zawo.

Maganar cewa ƙwai na koya wa yaro sata ba ta cancanci dogon bayani ba. A ganina an ƙirƙiro ta ne don ƙwan ya kai kasuwa. Ƙwan kaza ɗaya na da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, kuma daga wata 6 ana iya dafa shi ya dahu sosai a murtsuke wa yaro. 

Zoɓo ya ɗan fi wuyar yanke hukunci. Cewa yana ƙara jini, jan launinsa ne ya ruɗi mutane. Launin na furen ne, ba shi da haɗi da jinin mutum. Akwai binciken da ya nuna yana ɗan saukar da hawan jini ga manya, amma wannan wani batu ne daban, kuma sukarin da ake zuba masa ya isa ya cinye ribar. Yaron da tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, hanta yake buƙata, da nama ko kifi, da wake, da zogale, a bi da gwaiba ko lemo ko kunun garin kuka, domin tsaminsu na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga ganye da wake. Baƙin shayi a kan abinci akasin haka yake yi.

Sai gyaɗa, wadda ake cewa tana tayar wa yara da basir. Abincin nan na leda da ake bai wa yara masu tamowa a asibiti, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996 kuma ya yi suna a yunwar Nijar ta 2005, tushensa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari. Da gyaɗa na lalata cikin yaro, da ba da ita ake tayar da mafi raunin yara ba. Ita ce ma maganin wani kuskuren na kaka: rumbu ya cika, kowa ya ƙoshi da tuwo, sai a ɗauka yaro ma ya samu. Cikin ɗan shekara ɗaya ƙarami ne, tsararon koko ya cika shi kafin ya sami abin kirki. Kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, a sa masa gyaɗa ko waken suya da ɗan mai, a dama masa dafaffiyar kabewa.

Amma ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Gyaɗa da masarar da aka tara da sauran danshi, ko aka shanya a ƙasa raɓa ta bi su, sukan yi fumfuna, fumfunar kuma na fitar da wata guba da ake kira aflatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Burazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba ita aka fi gani ba. Abin da ya fi yawa shi ne a riƙa cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana cin hanta, har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Binciken da aka yi kan yara a Benin da Togo ya nuna waɗanda gubar ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa. Tana kuma bi ta nonon uwa da na saniya.

Nan ma akwai wani zance da ya kamata a kashe: "Ai in an soya, wuta ta kashe komai." Wuta na kashe fumfunar, gubar kuwa tana nan, suya da dahuwar gida ba sa gamawa da ita. Abin takaici, tsintar da aka ware, mai yamushewa da baƙi-baƙi da ɗaci, sau da yawa ita ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli, kuma idan an matse mai, a cikin tunkuza yawancin gubar ke zama. Wa ke cin ƙuli-ƙuli a hanyar makaranta? Gyaran kuwa ba ya cin kuɗi. A ƙauyukan ƙasar Gini an gwada shanya a kan tabarma, da tsince lalatattu da hannu, da zubawa a buhun algarara a ɗora kan katako nesa da ƙasa, sai aka ga gubar da ke jinin mutane ta gaza ta maƙwabtansu da fiye da rabi. Gyaɗar da ta bushe, in an girgiza ɓawon sai a ji ƙwayar na ƙara a ciki.

Wake kuma tasa matsalar daga hannunmu take. Mai adana shi ya zuba masa fiya-fiya don gudun ƙwari, ya ce wanki ɗaya zai fitar. Saboda ragowar irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da ke tashin warin magani a bar shi wa mai shi, komai araharsa. Wanda ya noma nasa kuwa yana da buhun nan mai ruɓi uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta samar: leda biyu a ciki, buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowanne dabam, ƙwarin su mutu don rashin numfashi ba tare da ɗigon magani ba. Jarkar roba mai murfi ma na yin aikin, muddin waken ya bushe, an cika ta har baki, kuma ba a riƙa buɗewa ana ɗiba.