Baƙuwar Kaza A Tsakar Gida: Wace Iri Ce, Wane Zakara Ya Dace Da Ita?

Daga wakilinmu a Wagadugu

Duk wanda ke zaune kusa da kasuwar Sankaryare a birnin Wagadugu ya saba ganin masu kaji suna shigowa da sassafe, babur ya sha kaya, kaji na reto, ƙafafu a ɗaure. Wajen saukewa ko wajen ciniki ba a rasa wadda za ta kuɓuce, ta bi lungu, ta tsallake katanga. Sai a wayi gari a ga baƙuwar kaza tana tono a tsakar gidan mutane. Kwana biyu kwana uku ta saba da wurin, daga nan uwargida ta fara tambaya: wace iri ce, kuma a ina za a samo mata zakara?

Kafin a kai ga zakara, akwai haƙƙin mai ita. Kaza tsintuwa ce, kuma littafin Risala da muke karantawa a zauruka ya yi bayanin cigiyar abin da aka tsinta har tsawon shekara. Don haka a sanar da maƙwabta, a faɗa wa liman, a leƙa layin 'yan kaji a ba da labari. Sau da yawa igiya ko ƙyallen da ke ƙafarta ya isa dillali ya gane kayansa.

Sannan a keɓe ta a akurkinta ita kaɗai, aƙalla mako biyu. Wannan ba wasa ba ne. Murar tsuntsaye ta shigo Burkina Faso a 2006, shekarar da ta ɓulla a jihar Kaduna ta Nijeriya da Magarya ta Nijar, ta dawo a 2015, kuma a watan Janairun 2022 gwamnati ta ba da sanarwar asarar kaji kimanin 500,000. Ga kuma cutar Niyukasil mai share gida lokacin hunturu, wadda ake gane ta da koren kashi da murɗewar wuya. Kazar da ta kwana a kwando da wasu hamsin daga ƙauyuka daban-daban, Allah kaɗai ya san abin da ta ɗauko. A kira malamin dabbobi ya yi wa ita da na gida allurar rigakafi. Kuɗin bai kai na kaza guda ba.

To, sai batun iri. Mu a nan abin da muka gani shi ne mutane suna ɓata lokaci wajen neman suna, alhali tambayar da ke da amfani guda ce: ta gidan gona ce ko ta gida? A fara da duba bakinta. Idan an datse tsininsa ya zama dungu, to daga gidan gona ta fito, domin a can ne ake yanke wa kaji baki don kada su cacaki juna. Idan kuma ja ce mai ratsin fari a wutsiya, gashin wuya da na baya ya zube, ƙafafu sun koɗe, tsohuwar mai ƙwai ce da aka sallama bayan ta gama aiki. Irin wannan tana iya ba da ƙwai kusan 300 a shekararta ta farko, amma da wuya ta yi kwanci, saboda an zaɓe iyayenta ne don su yi ta zuba ƙwai ba tsayawa. Kuma 'ya'yanta ba sa fitowa kamarta. Wanda ya saya mata zakara mai tsada da fatan kafa garke, ya sayi abin ƙawa ne kawai. Ƙwan ci kuwa ba ya buƙatar zakara ko kaɗan.

Kazar gida daban take. Jikinta a tsuke, ƙafa doguwa siririya, ga tsoro, ga gudu, da magariba ta nemi bisa ta hau. Ita ce nan ƙasar ake kira "poulet bicyclette", wato kaza mai keke, sunan da gwamnati ta yi wa rajista a 2021 don kare shi daga masu sayar da na waje da sunan na gida. Ƙwanta bai fi 40 zuwa 50 ba a shekara, amma za ta kwanta a kansu kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi faɗa da shirwa a kan 'yan tsakinta. Don a san ko tana kan yin ƙwai, a sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen duburarta: idan biyu ko uku suka shiga tana yi, idan ɗaya ne ko dai sagara ce ko ta huta.

Sunayen da iyayenmu suka sani, irin su fingi mai wuya ba gashi, da shazumama mai gashi a birkice, da durgu mai gajerun ƙafafu, da mai tukku, duk kamanni ne a cikin kajin gida. Amma sanin su yana da amfani wajen zaɓen zakara. Fingi tana jure zafi fiye da sauran, kuma kamanninta kan fito a 'ya'ya ko da uban mai cikakken gashi ne. Shazumama kuwa kada a haɗa ta da zakara shazumama, don wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakin za su fito da gashi mai karyewa, kusan tsirara, sanyin Disamba ya kwashe su. Akwai kuma manyan kajin yanki: Konde mai launin toka ta wajen Tenkodogo, da Kolonto ta ƙasar Gaya a Nijar.

Fataken da ke bin Sinkase da Malanbil da Illela sun san sunayen da ke tashe yanzu: Goliath daga Binin, Noiler daga Nijeriya, sai "Poulet du Faso" da ake samu ta hanyar haɗa zakaran gida da kazar Sasso ta Faransa. Zakarun nan suna da ban sha'awa, 'ya'yan farko kuma sukan fi uwarsu girma. Sai dai girman da kuɗinsa yake zuwa, domin tono kaɗai ba ya ƙosar da su. Zakara mai nauyi yakan yage bayan ƙaramar kaza. Abin da ya fi damunmu shi ne, idan aka ci gaba da haɗawa, jikoki sukan rage kwanci, sai a wayi gari gida cike da kaji babu mai ƙyanƙyashe ƙwan zabi da damina. Kuma a kasuwa duk zakaran da ya yi tsayi Goliath ne a bakin dillali, babu takarda, babu shaida.

Shawararmu ga mai kazar gida ita ce ya nemi zakaran gida daga hannun wanda ya sani yana yi wa kajinsa allura. Ya zama ya haura wata shida, zanko ja jawur, ido garau, ƙirji cike, ƙafafu sumul ba ɓawo, kuma bai fi kazar nauyi da yawa ba. Kaza ɗaya ma ba ta cancanci a saya mata zakara ba, tunda guda yana isar goma. Aron na maƙwabci na mako ɗaya ya wadatar, muddin lafiyarsa ƙalau.

Abu ɗaya da kan jawo rigima tsakanin mai saye da dillali: kaza tana riƙe maniyyin zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku. Idan baƙuwar ta zo daga inda akwai zakara, ƙwayayen farko suna iya zama na tsohon, ba na wanda aka kawo mata ba. A cinye waɗannan, a fara tara na kwanci bayan mako uku, goma zuwa sha biyu, a sa musu alama da gawayi. Idan kuma har lokacin mai ita bai bayyana ba, a shaida wa liman ko mai unguwa ranar da ta kwanta da yawan ƙwan, saboda ranar da ya zo zai tarar da kaza da 'yan tsaki goma, kuma ba kazar kaɗai zai tambaya ba.