Yadda hukuma ke ƙirga masu shan bango, da abin da ya shafe ka

Ɗan'uwa makiyayi, da kai mai fatauci tsakanin Suki, Sinja da Damazin: A shirinmu na wannan mako mun taɓo zancen tabar wiwi, wadda a nan Sudan muke kira bango, da yadda gwamnati ke sanin yawan masu shanta.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce kamu. 'Yan sandan yaƙi da ƙwayoyi suna tare loro a shingen hanya, su auna abin da suka samu, su rubuta. Yawancin bangon ƙasar nan daga yankin Radom na Kudancin Darfur ake nomo shi, ya biyo hanya har kasuwanninmu. To amma ka ga, wannan lissafin kaya ne, ba na mutane ba.

Ta biyu ita ce tambaya gida-gida. Najeriya ta yi haka tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fitar da sakamako a 2019: cikin masu shekara 15 zuwa 64, mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a shekara guda. Ba a rubuta sunan kowa don a kama shi. Adadin ake nema, don a san inda za a kai magani da faɗakarwa.

Sai dai mai tambaya gida yake zuwa. Yaronka da ke bin shanu zuwa gefen Dindir da rani ba ya cikin littafinsa. Wannan ƙidayar kai za ka yi ta. In ka ga idon yaro ya yi ja, dabba ta ɓace a hannunsa yana barci, kuɗin nono ba ya cika, zaunar da shi ku yi magana tun kafin abin ya yi nisa.

Kai kuma ɗan kasuwa, dokar ƙwayoyi ta 1994 ta tanadi ɗauri mai tsawo ga mai fataucin bango. In wani ya ba ka saƙon buhu a tasha, wai riɗi ne ko dawa, kwance shi a gabansa ka duba. Ranar da aka tare motar, a kan wanda aka samu kayan a hannunsa ake fara tambaya, kuma "ban sani ba" ba ya fitar da mutum da sauƙi.

Allah Ya tsare mana zuri'a da dukiya.